Dariyar 'Yan Kwana-kwana

 Yau muna so mu yi magana a kan waɗansu bayin Allah da ba a tunawa da su sai ran da ido ya raina fata, watau 'yan kwana-kwana, masu kashe gobara. Ba kuwa zancen motocinsu ko albashinsu za mu sa gaba ba, zancen dariyarsu za mu yi. Na san wani malami zai ɗaga kai daga kan littafi ya ce, yau kuma shafin namu ya koma dandalin 'yan kama ke nan? Allah ya gafarta malam, a daure a kai ƙarshe. In an ga babu fa'ida, ga kunnena a ja.

Wanda ya san Kaduna ya san Mando. Unguwa ce a arewacin kogi, a bakin hanyar da ta miƙa zuwa Birnin Gwari. Nan babbar tashar mota ta ke, nan sansanin alhazai ya ke, ga barikin mayaƙan sama a maƙwabta. In an ƙara gaba kaɗan sai Afaka, inda makarantar horon hafsoshin soja ta ke, ta nan kuma a ke bi zuwa filin jirgin sama na Kaduna. Ke nan wuri ne na motoci da tankokin mai da rumfuna da cinkoson jama'a. Duk inda waɗannan suka taru kuwa, wuta ba ta yi nisa ba.

Akwai wani teburin mai shayi kusa da tasha inda na kan zauna bayan an idar da asuba. Cikin masu zama akwai wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin kashe gobara, yanzu ya huta. Ban taɓa ganin mai ban dariya kamarsa ba. Da ya zauna, shayin kowa sai ya huce a hannu don kyakyatawa. Ran nan na ce masa, Baba, mutumin da ya ga abin da ka gani, ya ɗauki abin da ka ɗauka da hannunsa, ina ya sami wannan raha? Sai ya aje kofi, ya gaya mini cewa a aikinsu wanda ba ya dariya ba ya daɗewa. Ko dai ya gudu ya bar aikin, ko kuwa ya riƙa kwasar zafin ya kai wa iyalinsa gida. Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Wahalar jira

Mutane na tsammani aikin ɗan kwana-kwana duk gudu ne da jiniya da hawan tsani. Ba haka ba ne. Mafi yawansa jira ne. Alhajin da ya tashi daga sansanin Mando ya isa filin jirgi, in ya duba gefen titin sauka zai hangi manyan motoci a jere da mutane zaune kusa da su. Waɗannan su ne 'yan kwana-kwanan filin jirgi. Dokar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya ta ɗora musu sharaɗi mai tsanani: in hatsari ya auku a ko wane ɓangare na titin, kada su wuce minti 3 ba su isa sun fara zuba kumfa ba. A shekarar 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja daga ranar 8 ga watan Maris har mako 6 don gyaran titinsa, aka karkato jirage zuwa Kaduna. Ko wane jirgi da ya sauka ko ya tashi a kwanakin nan, akwai mutane zaune da shiri dominsa, suna roƙon Allah kada a bukace su.

To, a gwada a gani. Mutum ya wuni, ya kwana, ya yi wata, yana jiran abin da ba ya so ya zo, kunnensa na ga ƙararrawa, takalminsa na gefe. Ba dama ya yi nisa, ba dama ya saki jiki. In zuciya ba ta sami abin da za ta huta da shi ba, sai ta gaji tun ba a yi aikin ba. Ɗan kasuwar da ya taɓa zaman rumfa a watan da ciniki ya tsaya ya san kaɗan daga wannan, ya kuma san cewa zolayar maƙwabcin rumfa ita ke gajarta wuni.

Ba'ar tasu ta fara tun daga sunansu. Mutanen gari kan ce wai an kira su kwana-kwana ne don su kan kwana, su farka, su sāke kwana. Su kuwa ba su jin haushi. Amsarsu ita ce, a taya su addu'a barcin ya yi nauyi, gama ran da suka farka a firgice, wani gida na kuka. Suka ce duk cikin ma'aikatan gwamnati su kaɗai ne in sun ci albashi a kwance gari ya ci riba.

Abin da su ke yi wa dariya

Ga kaɗan daga cikin labarun da ke yawo a tsakaninsu. Ba mu ce ga ranar da suka auku ba, irin labarun nan ne da kowa ya ba da sai ya ƙara gishiri.

Wai wani dattijo ya buga musu waya da sassafe. Ya yi sallama, aka amsa. Ya ce, ina kwana? Aka ce lafiya. Ina gajiya? Babu gajiya. Yaya iyali, yaya sanyi, yaya muka ji da aiki? Duk aka amsa. Sai da ya gaida shugabansu, ya tambayi lafiyar direba, sa'an nan ya ce, af, dama gidana ne ya kama wuta. Aka ce, subhanallahi, Baba, a ina? Ya ce ai ba wuyar ganewa, daidai gindin mangwaron nan da aka sare bara.

Wai kuma aka kira su wata rijiya, akuya ta fāɗa. Ɗayansu ya ɗaura igiya a ƙugu, ya shiga, ya sha taɓo, da ƙyar ya fito da ita tana numfashi. Mai akuya ya dube ta sama da ƙasa, ya dubi ma'aikacin, ya ce, sannu da aiki, amma fa da ta fāɗa akwai igiya a wuyanta.

Sabon shiga kuwa shi ne abincinsu. Ran da ya fara aiki sai wani ya murtuke fuska ya ce masa, maza je bayan mota ka kamo mesa ta kai, ka yi hankali kada ta naɗe ka. In ɗan ƙauye ne sai ya tsaya yana rarraba ido, shi a saninsa mesa macijiya ce, bai san haka su ke kiran robar fesa ruwa ba. Ko kuwa a aike shi wurin mai ajiyar kaya ya karɓo mudun awon hayaƙi. Mai ajiya ya ce an ara, ya tura shi wurin direba, direba ya tura shi wurin mai gadi, sai ya zaga gidan duka kana a fashe da dariya. Amma a lura: kafin ya gama yawon neman mudun nan, ya san kowa da sunansa, ya san inda ko wane kaya ya ke. Da wasa aka karantar da shi darasin ranar farko.

Mai karatu zai ga cewa labarin dattijon nan ma darasi ne. Hausawa sun ce da wasa a ke gaya wa wawa magana. Wanda ya yi dariyar mangwaron da aka sare, ran da tasa ta same shi zai tuna ya fara da sunan unguwa da layi da wata alama tsayayya, ya bar gaisuwa sai an kashe wuta.

Bayan an dawo

Akwai wata dariya kuma wadda ba a yin ta a gaban jama'a. Ita ce ta bayan an dawo daga mummunan aiki. Mutanen da suka shiga ɗakin da hayaƙi ya kashe yara suna barci, ko suka tsaya kan tankar mai da ta fashe, ba su komawa gida yadda suka fito. Mu tuna abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa cikin watan Oktoba na 2024, inda tanka ta kife, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi ta hallaka fiye da mutum 150. Mu da muka ji a rediyo mun yi salati mun ci gaba da harkarmu. Waɗanda suka kwashe gawa da hannunsu fa?

Dattijon nan ya ce mini a irin wannan rana mota kan dawo tsit, ba mai cewa uffan. A wanke mesa, a cika tanki, kowa na kallon ƙasa. Can sai wani ya tsokani wani, ya ce ya ga yadda hular kwanonsa ta fi kansa gudu, ko ya kwaikwayi yadda shugaba ya zame cikin kwata yana ba da umurni. Sai wani ya yi murmushi, wani ya tuntsire. Daga nan baki ya buɗe, a iya cin abinci, a iya faɗin abin da ke ci wa kowa rai. Ba mamatan a ke yi wa dariya ba, Allah ya kiyaye. Kansu su ke yi wa, da tsoronsu, da tuntuɓensu. Ya kuma ce in suka ga wanda ya daina amsa zolaya kwana da kwanaki, ya ware gefe guda, sun san abin ya yi masa yawa, sai manya su ja shi su zauna da shi, in ta kama a kai shi ga likita. Ashe rahar ma'auni ce, da ita su ke gane lafiyar juna.

Wannan hali ba na ƙasarmu kaɗai ba ne. A Amurka 'yan kwana-kwana da yawa kan yi kwana da wuni cur a wurin aiki, su dafa abinci tukunya guda, su ci a tebur guda, an kuwa san teburin nan da zolaya marar ƙarewa. Mutanen nan ne a ranar 11 ga Satumba 2001 suka rasa 'yan'uwansu 343 a birnin New York cikin safiya guda. Ranar 4 ga Mayu ta ko wace shekara kuma ita ce ranar tunawa da 'yan kwana-kwana ta duniya, an fara ta a 1999 bayan gobarar daji ta cinye biyar daga cikinsu a Ostireliya cikin Disamba 1998. Duk inda aikin ya ke, mutuwa na kusa, raha kuma na kusa.

Sa'an nan ga wata fa'ida da ta shafi Kaduna musamman. Kowa ya san yadda rigingimun 2000 da 2002 suka raba mazaunin garin nan, har kogi ya zama kamar iyaka. Amma a cikin motar kashe gobara Bahaushe da Bagwari da Bayarabe da mutumin kudancin jiha kan zauna kafaɗa da kafaɗa. Mai riƙe da bakin mesa a cikin hayaƙi ba ya ganin na bayansa, ransa kuwa na hannun mai kula da famfo. Irin wannan amana ba a ƙulla ta ran gobara. Tun a zaman jira a ke ƙulla ta, wurin cin tuwo da tsokanar juna. Wanda kuka yi dariya tare shekara guda, da wuya ya sakar maka igiya.

Hukuncin wasa

Yanzu sai mu komo ga malamai, gama na san tambayarsu. Ba an ce yawan dariya na kashe zuciya ba? An ce, gaskiya ne kuwa. Amma malamai sun fi ni sanin cewa Imamu Tirmizi ya keɓe babi a cikin Shama'il kan dariyar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wani babin kan wasansa, da kuma cewa yana wasa amma ba ya faɗin kome sai gaskiya. Sun san labarin tsohuwar da ya zolaya a kan shiga Aljanna, da na mutumin da ya roƙi abin hawa aka yi masa alkawarin ɗan taguwa. Sun san Nu'aimanu, sahabin da ya halarci Badar, wanda ya shahara da ban dariya. Imamu Buhari kuma ya kawo a cikin Adabul Mufrad cewa sahabbai kan jefi juna da kankana don wasa, amma in al'amari ya kai ga gaske, su ne mazaje. In aka nemi siffar ɗan kwana-kwana na kirki, da wuya a sami wadda ta fi wannan.

Abin da aka hana shi ne wuce iyaka, iyakokin kuwa sanannu ne. Kada a shara wa mutane ƙarya don a ba su dariya. Kada a yi izgili ga wani, kamar yadda Suratul Hujurati ta hana. Kada a firgita mutum da sunan wasa, gama Abu Dawuda ya ruwaito hani a kan haka. To, a nan ne za mu ja kunnen samarinmu. Akwai marasa aikin yi da kan buga waya su ce ana gobara a wuri kaza, alhali ƙarya ce, don kawai su ga mota ta fito da jiniya su yi dariya. Wannan ya haɗa ƙarya da firgitarwa da ɓarnar dukiyar jama'a. Mafi muni, sa'ad da motar ke can tana neman wutar da babu, watakila wani gida na ci a wata unguwa. Muna roƙon limamai da malaman zaure su sa wannan cikin wa'azinsu.

Tsakaninmu da su

Mu Hausawa ba baƙin wasa ba ne. Kakanninmu sun ɗauke shi magani. Ga wasan Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zazzagawa, da na Katsinawa da Nufawa, da na Gobirawa da Yarabawa, da na maƙera da Buzaye, ban da na taubasai da na jika da kaka. Har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin gādon 'yan Adam a 2014. Ko gobarar ma ba mu ƙyale ta ba, ga shi muna cewa gaba ta kai ni, gobarar Titi a Jos, wai don gudummawar da ta samu ta fi abin da ta rasa. Sharaɗin wasan nan guda ne: abokin wasanka ka zolaye shi yadda ka so, amma ba ka zub da jininsa, in kuwa ya shiga wuya kai ne na farkon kai masa agaji.

Mu auna kanmu da wannan sharaɗi. Ba'ar da muka fi yi wa 'yan kwana-kwana ita ce sun zo a makare, sun zo ba ruwa. Wani lokaci akwai gaskiya a ciki, hukuma kuwa ita ya kamata a tuhuma. Tun 1963 aka yi dokar aikin kashe gobara ta tarayya, jihohi kuma ko wace da nata ma'aikata, amma garuruwa sun ninka girmansu, motoci da wuraren ɗibar ruwa ba su ninka ba. Sai dai a yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Motar da ta ɗauko lita 4,000 ko 5,000, in aka buɗe mesa biyu da ƙarfi, kafin minti 10 ta ƙare. In babu famfo ko tanki kusa, dole ta juya ɗebo wani. Wanda ya iso a makare ya ga tana juyawa sai ya ce ai dama ba ta zo da ruwa ba, kafin a ankara an fara jifa. An sha fasa gilashin mota a garuruwanmu, an sha raunata mutanen da suka zo ceto. Wannan ba wasan taubasai ba ne, butulci ne.

'Yan kasuwa su suka fi kowa sanin abin da ke cikin wannan magana. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone cikin Maris 2016, dubban rumfuna suka tafi a dare guda. Babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone cikin Janairu 2021, ta Katsina ta bi baya cikin Maris na shekarar. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan kuwa shi ne a bar hanyar mota a buɗe cikin kasuwa, kada a cike ta da tebura. A kashe lantarki kafin a rufe rumfa. A raba jarkar fetur da janareto mai zafi. Ƙungiyar kasuwa ta haɗa kuɗi ta kafa tankin ruwa. A san cewa wutar mai ba a zuba mata ruwa, sai yashi ko kumfa, ko a rufe tukunya da murfi. Da hunturu kuma kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, aka yi umurni a riƙa kashe wuta kafin barci. A kuma riƙe lambar neman agaji ta ƙasa, 112, tare da ta ofishin kwana-kwana mafi kusa.

Bayan wannan duka, ga shawara mai araha. Sarkin kasuwa da shugabannin tasha da limaman unguwa su riƙa kai wa mutanen nan ziyara tun lafiya lau. A kai musu goro, a zauna, a tsokane su a kan barcinsu, su rama a kan rowarmu. A gayyace su su zaga kasuwa su nuna inda hatsari ya ke. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mutumin da ka yi dariya da shi jiya ba za ka jefe shi da dutse gobe ba, shi kuma ran da ya ji sunan layinku a waya, fuskarka zai tuna.

Da na karanta wa dattijon nan abin da na rubuta, ya saurara har ƙarshe, ya ce ba laifi, sai dai na manta ban faɗa ba cewa shi ne ya biya kuɗin shayi.

Allah ya tsare mu da gobarar duniya da ta Lahira, ya jiƙan waɗanda suka rasu a cikinta, ya mayar wa masu asara da mafificin alheri, ya ƙara wa 'yan kwana-kwana barci mai daɗi. Amin. Haza wassalam.